Goma Zuwa Sha Biyu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haɗa wa mutane intanet a gidaje da ofisoshi. Na hau rufi, na rarrafa cikin silin, ɓeraye sun bi ta kaina, karnuka sun kore ni, duk ban riƙe a raina ba. Aiki ɗaya ne ya tsaya min a wuya har yau, shi zan faɗa ko zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Wata Litinin da yamma wata mata ta shigo shagona rungume da kwamfuta a ƙirji. Auta ake ce mata, ƙanwar wani babban kwastomana ce, wanda ni ma Yaya nake ce masa tunda kowa a gidan haka yake kiransa. Ni na haɗa intanet ɗin ofishinsa, ni na haɗa na gidansa. Auta ta haura talatin. Shekara shida daga ciki ta yi su ne a ɗakin baya tare da Inna, mahaifiyarsu, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar.

"Injiniya, don Allah duba min kwamfutar nan. Ina tsakar aiki sai ta yanke."

"Aiki? Ke da wa kuka yi wannan shawarar ban sani ba?"

Ta yi dariya tana rufe baki. Ashe wani kamfanin sayar da kaya ne ya ɗauke ta amsa kiran kwastomomi daga gida, ƙarfe tara zuwa biyu na rana. Su suka ba ta kwamfutar da abin sawa a kunne. Wata uku za ta yi na gwaji, in ta tsallake a ɗauke ta dindindin. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada layi ya dinga katsewa. In aka rubuto mata gargaɗi sau uku, sai ta mayar da kayansu.

"Tun asuba nake yi wa Inna wanka in gama komai," in ji ta. "Abin da na roƙi Anti kawai shi ne ta ba ta magani ƙarfe goma, ta juya ta ƙarfe sha ɗaya kada kwanciya ta sa mata miki. Shi ke nan fa."

Anti ita ce matar Yaya. Na duba kwamfutar ciki da bai, lafiyarta lau. Na ce zan shigo gidan. Da na kira Yaya sai ya ce in bari sai ya dawo aiki, ba ya son a taɓa masa kaya ba ya nan. Ban ga laifin wannan ba a lokacin.

Ina shiga falon raina ya ɓaci. Rauta, wato akwatin nan da ke karɓar intanet daga wayar kamfani ya rarraba wa na'urorin gida, ni na kafa ta a saman bango. Sai na tarar an sauke ta an cusa cikin kabad ɗin talabijin, an rufe da ƙofar gilashi, an ɗora mata tulun fulawa a gaba.

"Haba Anti! Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce. Wayoyinta ne suka ɓata min ado."

"Ai abin nan kamar fitila yake. In kika kunna fitila kika kulle ta a kabad, wa zai ga haske? Daga nan zuwa ɗakin baya katanga uku ce, ga firij a tsakani."

Na mayar da ita sama, na miƙar da eriyoyinta. Na je ɗakin baya na gwada, sabis ya hau. Ɗakin ɗan ƙarami ne. Gadon Inna ya ci rabi, sai katifar Auta a jingine da bango, sai wani teburin guga da ta mayar ofis, ta lulluɓe taga da bargo don kada hayaniya ta shiga kira. Inna na kwance tana bin mu da ido. Bakinta ya karkace, maganarta ba ta fita sosai, amma ta ɗaga hannunta mai lafiya ta yi min sannu.

Yaya ya dafa kafaɗata a bakin ƙofa. "Kin gani ko, Auta? Da ma na ce miki ƙaramin abu ne."

Kwana uku sai ga ta a shago. Ido ya yi ja. Gargaɗi na farko ya zo.

"Yana yankewa har yanzu. Na gwada sabis ɗin wayata, ɗakin nan sanda ɗaya yake kamawa, ko gaisuwa ba ta fita daidai."

Nan na yi abin da masu sana'ata suka saba, na ɗora wa na'ura laifi. Rautar gidan ta tsufa, shekararta biyar, kuma na'urori sun yi mata yawa: talabijin biyu, wayoyi, allunan kallon bidiyo na yara. Auta ta ce ta karɓi albashinta na farko, in zaɓa mata mai kyau. Ta nuna wata baƙa mai eriya takwas a kan kantar shagon.

"Waccan fa? Na ga ta fi ƙahoni."

"Rabu da ƙahoni, ba saniya za ki saya ba. Abu uku ake tambaya: mutum nawa ne a gidan, katanga nawa ce tsakani, kuma me za a yi da shi. Ke kira kike yi, ba gudu kike nema ba, wanda ba zai yanke ba kike nema."

Na ciro mata mai zango biyu. Na yi mata bayani cewa zango ɗaya yana kai wa nesa amma a hankali yake tafiya, ɗayan yana da gudu amma katanga biyu ta ishe shi. Na nuna mata ramukan baya inda ake soka waya, na ce duk iskar duniya ba ta kai waya amana ba. Tana rubutawa a bayan rasit kamar 'yar makaranta, har da tambayata me ya sa fitilar nan take kore waccan take ƙiftawa. Ta rungumi kwalin ta fita tana murna.

Da yamma na je na haɗa. Wayar kamfani a falo take shigowa, don haka dole a falon za a kafa ta. Da aka zo sa lambar sirri ta mai kula da rauta, Yaya ya miƙo hannu.

"Kawo in sa a wayata. Gida ɗaya, mai kula ɗaya."

"Yaya, ai ita ta saya," na ce, ina ɗan dariya don kada maganar ta yi nauyi.

"To ni na ce ba ita ta saya ba? Allah ya yi mata albarka, ta taimaki gida."

Na ce to bari in ja waya mita talatin kai tsaye zuwa ɗakin baya, a huta da zancen katanga gaba ɗaya. Rami ɗaya kawai zan huda, ko ɗan yatsa ba zai shiga ba.

"A'a, a'a. Ba a daɗe da yin fenti ba."

"Sai in bi da ita ta silin."

"Ɓeraye za su ci."

"Ta taga fa?"

"Injiniya, gidana ne ko naka?"

Na tattara kayan aikina na mayar jaka. Auta na tsaye a bakin labule da kwanon wanke hannun Inna, tana kallonmu.

Sati biyu aka yi ana wannan wahala. Kullum na je da yamma komai lafiya, har in fara zargin ko ita ce ba ta iya ba. Kowa a gidan ya zama masani. Anti ta ce hadari ne ke janye sabis. Yaya ya ce kamfanonin nan da ma haka suke, su ba ka ruɓaɓɓiyar kwamfuta su ce laifinka ne. Ya ƙara da cewa shi tun farko bai ga dalilin wannan wahalar ba, me ta nema ta rasa a gidan? Auta ta rame. Ta koma ɗaukar kwamfuta tana yawo da ita a tsakar gida, ta tsaya bakin tagar falo da abin kunne a kai, rana na dukanta, tana ba wa mutanen da ba su jin ta haƙuri. Gargaɗi na biyu ya zo ranar wata Alhamis.

Ranar ta zauna a bencin shagona ta buɗe wani ɗan littafi. "Injiniya, ka ce in dinga rubuta lokacin da yake yankewa. Ga shi."

Na karɓa. Litinin, goma daidai, ya dawo sha biyu. Talata, goma daidai, ya dawo sha biyu. Laraba haka. Shafi uku, babu ranar da ta kauce ko da minti ɗaya. Asabar da Lahadi, da ba ta aiki, babu komai.

Na sake bin shafukan da yatsa. Hadari ba ya duba agogo, katanga ma haka.

"In ya yanke me kike yi?"

"Me zan yi? Anti takan leƙo ta ce tunda ba na komai in zo in ba Inna magani. Sai in juya ta, in canja mata zani. Kafin in gama ya dawo."

Na mayar mata da littafin. Ranar Litinin na rufe shago ƙarfe goma da kwata na tafi gidan ba tare da na kira kowa ba. Anti ta buɗe ƙofa tana kallona sheƙeƙe.

"Maigidan ba ya nan fa."

"Na sani. Sukudireba na manta a ɗakin baya."

Na tarar da Auta durƙushe tana shafa wa Inna mai a baya, kwamfuta a buɗe kan teburin guga. Na duba, tana haɗe da rauta, sanduna a cike, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Na ciro wayata na hau layi ɗaya, a ɗaki ɗaya, a tsaye wuri ɗaya. Bidiyo ya buɗe fes. Daga falo kuma ina jiyo talabijin ɗin Anti, wadda ita ma da intanet take aiki, tana ta zuba.

Sai na tuna. Bara Yaya ya yi min ƙorafin yaransa ba sa karatu, ni da hannuna na nuna masa wurin da ake zaɓar na'ura a cikin manhajar rauta a sa mata lokacin da za a rufe mata hanya. Har ya yi min godiya ya ce na iya aiki.

"Ka gano wani abu?" in ji Auta.

Nan ne na yi kuskuren da nake cizon yatsa a kai. Na dubi fuskarta, na dubi Inna da ke kallonmu, na ce, "Bari in ɗan bincika tukuna." Akwai wani ɗan rami a bayan kowace rauta, in ka soka allura ka danna na daƙiƙa goma, duk abin da aka tsara ya goge. Allurar tana aljihuna. Na wuce ta falo, na kalli rautar, na fita. Na ce wa kaina magana ce ta maza, gara in same shi mu kashe ta cikin mutunci. Gaskiyar ita ce ofishinsa da na abokansa biyu duk ni nake yi wa aiki, kuma na ji tsoro.

Na same shi a ofis yana shan shayi. Na rufe ƙofa.

"Yaya, ba ni wayarka in ga manhajar rauta."

Bai ko yi musu ba. Ya buɗe ya turo min, kamar mai nuna hoton sabuwar mota. Ga jerin na'urorin gida. Ga wani rukuni da aka rubuta wa "Yara", a ciki akwai alluna biyu da kwamfutar mace mai shekara talatin da ɗoriya. Litinin zuwa Juma'a, goma zuwa sha biyu.

"Yaya, don girman Allah, me ta yi maka?"

"Zauna mana, kai ka cika zafi. Ba ta yi min komai ba. Uwarmu ce a kwance. Satin farko da ta fara aikin nan, Antinku ta gwada juya Inna, bayanta ya riƙe kwana biyu. Kuma Inna ba ta yarda da hannun kowa sai na Auta."

"To ku ɗauko mai jinya na awa biyu."

"Bare ya ga tsiraicin uwata ina da ƙanwa a gida? Me mutane za su ce?"

"To ka faɗa mata gaskiya, ka ce ba ka so."

Ya girgiza kai yana murmushi, wai ni ne yaro. "In na hana ta, na zama mugu. Ta yi ta kuka, dangi su ce na tare mata hanya. Amma in abin ya mutu da kansa, babu wanda ya ɓata da wani. Awa biyu ce fa kawai, Injiniya. Na bar mata sauran ukun."

"Saura gargaɗi ɗaya a kore ta!"

"In aka ɗauke ta dindindin, gobe su ce ta dinga zuwa ofis, jibi ta ce za ta kama ɗaki kusa da aiki. Wa zai zauna da Inna? Kai?"

"Kai fa? Ba ita ta haife ka ba?"

Fuskarsa ta canja. Ya ajiye kofi. Na ɗauka zai kore ni, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce na yi gaskiya, abin ya dame shi shi ma, zai cire yau da ya koma gida, kawai in rufa masa asiri kada gida ya hargitse. Har ya rako ni bakin ƙofa. Ni kuma, sakarai, na tafi ina jin na yi abin kirki.

Talata ban ji komai ba, na ce an gyara. Laraba da azahar wayata ta yi ƙara.

"Injiniya, ka bar wahalar da kanka," in ji Auta. Muryarta a daidai take, wannan ya fi kuka tayar min da hankali. "Sun rubuto na uku. Gobe za su aiko a karɓi kwamfutar."

Na bar kwastoma a tsaye na hau babur. Na same ta a tsakar gida tana shanya zannuwan Inna. Na faɗa mata komai, rukunin yara, goma zuwa sha biyu, zuwana ofis, har allurar da ke aljihuna. Na ce zan rubuta wa kamfanin takarda a matsayina na mai gyara, in ce ba laifinta ba ne.

Ta matse zani, ta yarfa, ta rataya.

"Ka rubuta ka ce me? Yayana ne yake rufe min? Su ce to yanzu ya daina?"

"Ki dawo shagona ki dinga yi."

"Bakin titi, ga janareta? Kuma wa zai juya Inna ƙarfe sha ɗaya?" Ta ɗauki wani zanin. "Tun ranar da na cika shafi na biyu na sani, Injiniya. Ba na gane rauta, amma na san lokacin maganin Inna. Na kawo maka littafin ne don wani ya faɗa da bakinsa, in ji ko ni ce na haukace."

"Me ya sa ba ki tunkare shi ba?"

"Na tambaye shi. Ya rantse min sabis ne." Ta dube ni. "Kai ma ranar Litinin na tambaye ka."

Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi. Anti ta leƙo ta taga ta ce abin ya ba ta tausayi, amma Allah ya sa haka ne mafi alheri, da ma aikin yana sa Auta ciwon kai. Sannan ta ce in an gama shanya Inna na kira.

Na daina yi wa Yaya aiki. Ya kira sau biyu ban ɗauka ba, ya samu wani, abokansa ma suka bi shi. Babu abin da ya ragu a jikinsa. Har yau in aka yi zancensa a unguwa cewa ake yi ga ɗan albarka, ya riƙe uwarsa da ƙanwarsa a gida ba ya gajiya.

Ni dai yanzu duk wanda ya zo sayen rauta, bayan na tambaye shi mutum nawa da katanga nawa, sai in ƙara da tambayar wa zai riƙe lambar sirri. Wasu su yi dariya, wasu su ce ina ruwana. In mace ta zo da kuɗinta, a wayarta nake sawa, ko da mijinta ko yayanta na tsaye yana hura hanci. Na rasa ciniki a kan haka, ban damu ba.

Bayan wata biyu na je duba Inna, don ba ita ta yi min laifi ba. Da hantsi ne, wajen goma da rabi. An cire bargon taga, teburin guga ya koma na guga. Auta na zaune a bakin gado da wayarta jingine da kwalbar magani, wata ma'aikaciyar jinya a cikin bidiyo tana nuna yadda ake juya mara lafiya ba tare da an ji ciwon baya ba. Hoton tas, ko sau ɗaya bai tsaya ba.

"Yaya ne ya turo min," in ji ta. "Kullum sai ya turo sabo."

Sai bakin sana'a ya riga ni. "Sabis ɗin fa?"

Ta sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗar Inna, ɗaya a ƙugu, kamar yadda matar bidiyon ta nuna.

"Ka iya zaɓe, Injiniya. Tun ranar da suka karɓi kwamfutar bai sake yankewa ba."